A Fim Uwa Takan Zo

Ni ce fa mai yi wa mutane dariya a kan finafinan Koriya. Shekarata ta farko a Doha, haya muke yi a wani bene a unguwar Muntazah, dukanmu ma'aikatan jinya, ni kaɗai 'yar Najeriya, sauran 'yan Filifin. Ranar hutu sai su jeru gaban kwamfuta da kwanukan taliya, suna zubar da hawaye a kan mutanen da ba su san da zamansu ba. Nakan ce musu in kuka suke nema su biyo ni sashen da nake aiki, akwai shi kyauta. Ba a je ko'ina ba aka same ni a tsakiyarsu, har ina cewa a matsa mini.

Na wasanni ne suka kama ni. Na soyayya ba su dame ni ba. Namiji ya yi wata da watanni yana shawarar riƙe hannun mace, ina ni ina wannan haƙuri. Amma a nuna mini yarinya tana gudu cikin ruwan sama, kociya yana daka mata tsawa, ta faɗi ta tashi, to an gama da ni.

'Yata ɗaya ce, na bar ta a Jos wajen yayata, ta shiga sakandare ke nan. Waya da ita aiki ne. Ya makaranta, lafiya. Kin ci abinci, e. Daga nan sai mu yi shiru muna jin numfashin juna. Abin yana damuna ƙwarai, don ina ganin yarinyar tana zame mini baƙuwa. Da na je Kirsimeti sai na kai mata irin waɗannan shirye-shirye a filas. Muka fara da wani mai tsawo, labarin yarinya mai tsere wadda uwarta ke sayar da kifi a wani gari mai nisa. Kowace Juma'a, ranar hutuna, in ta taso daga makaranta ta kalli kashi ɗaya a can, ni in kalla a nan, sannan in kira ta.

Sai ga baki ya buɗe. Mu zagi kociya tare, mu yi gardama a kan abokiyar hamayyar yarinyar, ita ta ce muguwa ce, ni in ce tsoro ne ke cinta. A tsakiyar wannan surutu nake jin wa ya tsokane ta a aji, wane malami ne ba ta so. Ba a jima ba ita ma ta fara gudu, malamin wasanni ya sa ta cikin 'yan tseren makaranta. Har rusuna wa fili take yi kafin ta shiga, kamar yadda ta ga suna yi. Yayata ta kira ni tana tambaya wane sabon addini na koya wa yarinya.

Duk mai kallon irin waɗannan finafinai ya san wani abu guda. Ranar babbar gasa, uwa ko uban da ya rantse ba zai samu zuwa ba, sai ana dab da busa usur a hango shi a bakin ƙofa yana haki, da ƙunshin abinci a hannu. Mai kifin ma haka ta yi. Mun sha ganin wannan, kuma kullum sai ya sa mu hawaye.

Aka zaɓi 'yata ta wakilci makarantarsu a gasar makarantu. Hutuna na shekara na riga na cinye shi, kuma a lokacin ba ka fita daga ƙasar sai kafil, wato mai aikinka, ya sa hannu. Na roƙi shugabar sashenmu, ta ce ma'aikata sun yi ƙaranci, khalas, wato magana ta ƙare. Ban ga laifinta ba, gaskiya ta faɗa.

Na kira yarinyar na ce, "Ba zan samu zuwa ba, 'yata. Da gaske nake yi."

"To, Mama, na ji," in ji ta, har da 'yar dariya.

Na ji daɗi sosai. Na gaya wa abokan zamana cewa 'yata ta yi hankali, ko kuka ba ta yi ba.

Abin da ya faru ranar, daga bakin yayata na ji shi. Tun safe yarinyar ta sa ta ɗauki kujerar roba biyu, ta hana kowa zama a kan ɗayar. Ta ce a zo da fate mai yawa a kula, wai akwai wanda ya daɗe bai sha ba. Yayata ta zaci wata ƙawa ake jira. Da suka jeru a layi, sauran yara suna kallon gaba, ita tana kallon ƙofar fili. Ta yi gudunta, ta zo ta biyu, aka yi ta tafa mata. Bayan an watse ta ƙi tafiya, ta ce ai jirgi yakan yi latti. A nan yayata ta gane, ta zaunar da ita ta ce mata, "Mamanki tana wajen aiki, ba ta taso ba." Yarinyar ta ɗauki kujerun da kanta suka koma gida.

Har yau in na tuna dariyar nan da ta yi a waya sai zuciyata ta yi zafi. Ina jin muryarta sarai, amma ban ji abin da ke cikinta ba.

Mun ci gaba da waya, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Kirsimeti na zagayowa na gaya mata ranar da zan iso, na maimaita. Na sauka a Abuja, na shiga mota zuwa Jos, tun daga kan kwana nake leƙen ƙofar gida. Yayata ce kaɗai ta fito tarbata. Yarinyar ta tafi koyon waƙa a coci.

Na ce, "Yaya, ba ki gaya mata yau zan zo ba?"

"Na gaya mata. Ta ce in kin iso a aika a kira ta."

Na zauna a falo da akwatunana, na hana a aika kowa, na jira har aka tashi daga koyon waƙar.