Ranar da Kamaruddeen Ya Roƙi Kada Sabis Ya Dawo

Kamaruddeen, malamin kwamfuta a wata sakandare ta Gezawa, ko shayi zai sha sai ya yi lissafi. Mu abokansa mun sha tsokanarsa. Da mahaifinsa Malam Hadi ya rasu, abu mafi daraja da ya bari shi ne muryarsa, karatun zaure da aka yi shekaru ana ɗauka.

Malam bai taɓa tara gonakinsa wuri ɗaya ba, don in ruwa ya tsallake wannan ya sauka a waccan. Haka ɗansa ya yi wa karatun: kwamfuta ɗaya a ɗakinsa, ɗaya wajen ƙaninsa a Bacirawa, ɗaya gidan yayarsa Hafiza a Rimin Gado. Ya haɗa su ta intanet, abin da ya sauya a ɗaya sauran su kwafa. Ya auna yawan ɗaukewar wuta da yankewar sabis, ya ce da wuya ukun su mutu tare. Ta Rimin Gado yake yi wa tsaki kullum, sabis ɗinta ba tabbas.

Wata safiya da damina, bayan tsawa, tasa ta lalace, ta mai da karatun fanko. Kafin ya ankara ta Bacirawa ta kwafi fankon. Ya kira Hafiza ta kashe tata, kira bai shiga ba. Rashin sabis ne ya tsare karatun a can, kuma da zarar kira ya shiga, gogewa ta fara.

Na goya shi a babur muka ratsa Kano cikin caɓi zuwa Rimin Gado. Yana ta kira, yana addu'ar kada ya shiga. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Muna tsayawa a ƙofar gidan muka ji wayar Hafiza ta ɗau ƙara daga ciki. Ya faɗa da gudu ya fizge soket ɗin kwamfutar.

"Lafiya, Kamaruddeen?" in ji Hafiza. "Ko sallama babu?"

Ya cire intanet, ya sake kunnawa. Karatun farko-farko sun tafi, sauran suna nan. Ya danna ɗaya. Malam ya yi gyaran murya, ya ce, "To, ina muka tsaya jiya?"

Hafiza ta ajiye ludayi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙaninta.