Mai Hatimi a Bene na Biyu

A bene na biyu na laburaren jami'a, inda ake kwance kantoci don a jera kwamfutoci, akwai wata ma'aikaciya da nake kallo tun ɗazu. Dattijuwa ce siririya, gilashinta ɗaure da zare, babban yatsanta ya rine da shuɗin tawada. Ɗalibai suna ta wuce ta, kowa na neman inda zai sa wayarsa caji.

Littattafai ne tsibi a gabanta. Tana buɗe bangon baya na kowanne, ta duba takardar da ake buga ranar aro, ta waiga hagu da dama, sannan ta danna hatimi a hankali don kada ya yi ƙara.

Da muka haɗa ido, sai ta yafito ni.

"Ɗana, rufa mini asiri," in ji ta. "An ce duk littafin da ya shekara goma ba a are shi ba, a fitar da shi. To, ni nake aronsu."

Ina jin ta fi shekara talatin a nan, wataƙila ma ita ta liƙa takardun da hannunta. Da alama ba wanda ya gaya mata cewa yanzu ba a duba hatimi. Masu amalanken da ke bakin ƙofa don kwashe littattafan, jerin sunayen da kwamfuta ta fitar suke bi.

Na buɗe baki zan faɗa mata, na kasa. Ta hura wa tawadar iska, ta jawo na gaba.