Mutumin da Ba Kowa Ba

Tun yana saurayi Mai Fenti yake zana allunan shaguna, kuma duk fuskar da ya zana a ƙofar mai aski ta wani ce da ya sani. Ran nan aka ba shi aikin allon banɗakin maza a wani asibiti, aka ce mutum kawai ake so, ba wane ba.

Nan hankalinsa ya tashi. Zanen farko ya fito da kafaɗun maƙwabcinsa. Ya goge, na biyu ya ɗauko tumbin surukinsa. Abinci ma ya gagare shi.

"Ni fa ban taɓa ganin mutum kawai ba," ya ce wa matarsa. "Kowa wani ne. Wa zan kwaikwaya?"

"Maigida, in babu mutum kawai, da me kake gane mutum in ka gan shi?"

Ya koma kan zanen. Ya cire fuska, ya cire riga, ya bar kai da 'yan layuka. Sai ya kai wa yayarsa ta duba.

Ta daɗe tana kallo, idonta ya ciko.

"Ai Baba ne, Allah ya jiƙansa. Haka yake tsayuwa."