Keken da Aka Gwada a Jikin Ƙanina

Ni ɗan fari ne, kuma Baba bai taɓa kiran sunana ba. A Zariya, inda na taso a hannun kakata, ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, uba ba ya kama sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Sai da na zo gidan iyayena a unguwar Dagenham ta Landan ina saurayi, na tarar da ƙanina haifaffen Landan yana hawa kafaɗar Baba yana ja masa gemu, sannan abin ya fara ci mini rai. Shi ana kiransa da sunansa har da ƙari. Ni kuwa "wancan" ne, ko "yayanka". Baba ya bar rawani da babbar riga a gida, ya koyi cin dankali da kifi a takarda, amma wannan kunyar sai da ya ƙullo ta ya taho da ita.

Bayan shekaru, da na fara aiki, abokan aikina suka ja ni wani daji a kudancin Landan, inda ake gangarowa daga tudu a kan keke, ana ratsa saiwoyi da duwatsu da laka. Da keken aro na yi, na sha faɗuwa, amma na dawo gida ina dariya ni kaɗai a cikin jirgi. Nan na ƙudura sai na mallaki nawa. Na yi ta bincike har na zaɓi irin da nake so: mai shokazoba gaba da baya, mai birkin mai, mai faffaɗar taya. Abu ɗaya kowa ya nanata mini, wato girman keken ya yi daidai da jikin mai shi. A gangare, keken da ya fi ƙarfinka shi ne zai tuƙa ka.

Gaskiya ba na buƙatar shawarar kowa. Amma Baba ya san keke. Da keke ya yi koyarwa a ƙauyukan Zariya, shi yake yi masa faci, shi yake ɗaure masa sarƙa, kuma in ya fara labarin ba ya gajiya. Sai na ga ga hanya ta samu. Ina so ya raka ni shago, ya dube ni a kan keke, ya ce mini wannan ya yi ko bai yi ba. Iyakar abin da nake nema ke nan. Na aika ƙanina ya faɗa masa, domin haka muke magana. Amsa ta dawo cewa ranar Asabar za a je. Ranar har aski na yi.

Muka shiga shagon mu uku. Mai shagon wani Bature ne dogo mai fara'a, hannunsa duk baƙin mai. Baba ya zagaya kekunan, ya matsa taya da babban yatsa, ya kama birki ya saki, ya danna kan keken ya ga yadda shokazoba ke lotsawa tana dawowa. Tambayoyinsa duk masu kyau ne. Sai dai kowacce ƙanina yake fuskanta ya yi ta.

"Tambayi yayanka, gangaren nan ya kai na dutsen Kufena?"

"Tambaye shi, in mutum ya faɗi a dajin, wa zai ɗauko shi?"

Ina tsaye kusa da shi har ina jin ƙamshin turarensa. Ina ba da amsa, ƙanina yana maimaitawa, kamar masu ciniki da tafinta.

Baturen ya fito da keken da na nuna, ya ce wanda zai hau ya zo ya gwada. Na ɗaga ƙafa ke nan, sai Baba ya dafa kafaɗar ƙanina ya ce, "Hau mu gani."

Ƙanina ya ce, "Dad, it's for him. Ba ni zan yi riding ba."

"Na sani. Hau dai, ai duk ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne. Ƙanina ya kere ni nesa ba kusa ba, kaina a kafaɗarsa yake tsayawa. Amma ya hau. Baba ya riƙe masa kan keken da hannu biyu, ya sunkuya ya duba inda gwiwarsa ta tsaya, ya ce a ɗaga sirdi, ya gyara masa zaman ƙafa a kan feda da hannunsa. Keken ya yi wa ƙanina kaɗan, sai Baturen ya shiga ciki ya fito da babbansa. Wannan kam ya zauna masa ɗas. Fuskar Baba ta washe. Duk abin da na zo nema na gan shi a gabana, ana yi wa wani.

Baturen ya dube ni ya ce ko zan gwada ƙaramin. Kafin in buɗe baki Baba ya ce babban ya fi ƙarko, shi za a ɗauka, kuma shi zai saya. Kyauta ce ta uba, a gaban baƙo. An tarbiyyantar da ni in durƙusa in yi godiya, kuma abin da na yi ke nan, a tsakiyar shagon keke, Baturen yana kallona baki buɗe. Baba ya kau da kai ya ce wa ƙanina, "Allah ya sa a kashe lafiya."

Umma ta ce ban san irin son da yake mini ba, wai tun da aka sa ranar yake zancen. Na yarda. Amma son da sai an bi ta jikin wani kafin ya iso ka, in ya iso ba ya yi maka daidai. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na ji haushin ƙanina da bai yi laifin komai ba.

Na yi ƙoƙari da keken. Na sauke sirdi har ƙasa, na sa aka matso da kan keken kusa. Duk da haka in na hau sai in miƙe kamar mai shanya, hannuna da kyar yake kai birki. Abokaina suka ce in mayar, na ce a'a, Baba ne ya zaɓa. Wata Asabar bayan an yi ruwa, a wani gangare mai kwana, na so in ja jikina baya, keken ya ƙi ba ni wuri. Tayar gaba ta daki saiwa, na tashi ta saman kan keken na sauka a kafaɗa. Ƙashin ya karye.

Na yi jinya a gida, a ɗakin da ke jikin kicin. Baba yakan zo bakin ƙofa ya tsaya, ya dubi bango, ya tambayi Umma ko an ci abinci, ya wuce. Ina kwance ina jira. Na ce ko yanzu, da karaya a jikina, zai shigo ya zauna a bakin gado ya ce yaya jiki.

Wata safiya na ji shi a kicin yana shan shayi, ya ɗaga murya yadda zan ji. Na gyara kwanciya.

Ya ce wa Umma, "Ki ce wa wancan ya bar wa ƙaninsa keken nan. Dama shi ya yi wa daidai."