Yatsun da Monita Ta Ci

Lokacin da aka ba mu jiha, ni matashi ne mai gyaran rediyo da talabijin a Kaura Namoda, kuma ina ji da kaina. Kayan aikina sukudireba, dalma, hanci da yatsa. Batir da harshe nake ɗanɗana shi, abin da ya ƙone in shinshino shi, sauran kuma in lashi yatsa in bi su ɗaya-ɗaya har in ji mai zafi. Akwai wani dattijo mai gyara a Shinkafi da ba ya taɓa komai sai ya warware mitarsa ta gwada wuta daga cikin tsumma ya auna. In mun haɗu wurin sayen kaya nakan tsokane shi, in ce kafin ya gama aune-aunensa na gyara uku na sha shayi. Murmushi kawai yake yi, ya ce Allah ya tsare mini hannu.

Da Shari'a ta zo aka rufe gidajen kallo, aikin talabijin ya ja baya, sai kwamfuta ta fara shigowa ofisoshi. Wani mai shagon buga takardu a Zurmi ya kawo mini monita, irin mai ƙaton ƙeyar nan, ta daina kamawa. Na ce masa ai ƙanwar talabijin ce. Na zare ta daga wuta, na buɗe, na lashi yatsa na kai hannu ciki kamar kullum. Ban san akwai kafasita a ciki mai riƙe wuta ko an cire waya ba. Wutar ta fizge ni, hannuna ya daki bakin ƙarfen ciki, ya yanke mini jijiyar yatsu biyu. A asibiti aka ce ba tabbas za su sake lanƙwasuwa. Na ji tsoro ƙwarai, don da hannun nan nake ciyar da gidanmu. Ga kuma abokai, a wancan zamani ka fito da hannun dama a naɗe, sai tambayar me ka ɗauka.

Dattijon nan ya ji labari, ya hau mota ya zo duba ni da mitarsa a aljihu. Na yi zaton zai tuna mini maganata, bai ko nufi wajen ba. Ya sa aka ɗauko monitar, ya haɗa ƙwan lantarki da waya biyu ya taɓa kafasitar, ƙwan ya haska ya mutu a gabana. Sai ya auna ya nuna mini allurar ta kwanta, sannan ya sa hannu. Laifin wani ɗan abu ne da bai kai ƙwayar wake ba, ya canza shi ta kama. Da mai ita ya zo, dattijon ya ce masa aikin shagona ne. Kowace ranar kasuwa yana zuwa ya rage mini aiki har na warke, yana koya mini awo. Har gobe in na tuna shi sai na ji ƙwalla.

'Yan'uwana masu gyara, mita ba ado ba ce, ku saya kafin ku buɗe monita. Ni ma na saya, ina naɗe ta a tsumma kamar yadda yake yi. Yatsun nan biyu ba su sake lanƙwasuwa ba, da sauran ukun nake riƙe wayar awo.