Ɗoriyar da Ta Dami Badaru Mai Walda

Shekara talatin Badaru ya yi yana walda a unguwar Alhilla Kuku, yana ƙera ƙofofi da tagogi. Jikan alhazai ne da suka taso daga Katsina za su aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Nilu suka zauna. Bai yi boko ba, amma a awo ba ya wasa.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. In ya haɗa taga mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, ya ja tef ɗin awo daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya ga santimita ɗari da arba'in da ɗaya da wata 'yar ɗoriya da ba ta taɓa faɗawa kan layi ba. Ya sauya tef ya fi sau goma. Daga baya ya ɗora laifin a kan idonsa, bai gaya wa kowa ba.

Da yaƙi ya ɓarke, wuta ta ɗauke, shago ya rufe. Matarsa ta daɗe da rasuwa, saura shi da autarsa Shamsiyya, wadda aka ɗage musu jarrabawar gama sakandare. Kullum da hantsi takan buɗe littafin lissafi a gindin bango, wai kada kanta ya yi tsatsa. Wata rana zaman banza ya sa ya ba ta labarin ɗoriyar da zargin da yake wa idonsa, yana dariyar kunya.

Ta ɗauki gawayi ta rubuta a ƙasa, rabi Hausa rabi Larabci. Ta ce akwai lambobin da ba sa ƙarewa, ba sa kuma maimaita kansu, komai ƙanƙantar layukan da aka tsaga a tef, ba za su sauka a kan ɗaya ba. Ya ce ƙarfen da ya yanka da hannunsa dole yana da iyaka. Kwana uku suna gardama.

"Baba, ƙarfen yana da iyaka," ta ce. "Rubuta tsawonsa da lamba ne ba shi da ita. Idonka lafiya lau."

Ya ce ta sake daga farko. Ranar ya ci abinci sosai.

Bayan wata biyu ta tafi layin ɗiban ruwa, bam ya faɗo kusa da rijiyar. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, don haka maƙwabcinsa Sule ya taya shi suka binne ta a tsakar gida. Ƙanwarsa Kubra ta yi ta aiko masa ya ƙetaro kogi ya dawo wurinta a Umdurman, ya ƙi.

Da faɗa ya lafa, mutane suka dawo suka tarar an ɓalle ƙofofinsu, aiki ya yi wa Badaru yawa. Yana yi, ba ya hira. Bara ma'aikata suka zo da fararen jakunkuna suna kwashe waɗanda aka binne a gidaje zuwa maƙabarta. Ya roƙi a bar Shamsiyya inda take, aka ce doka ce. Ya bi motar da aka sa gawarta a ƙafa har ta ɓace masa wajen kasuwa.