Ranar da Na Haɗa wa Hedimasta Amfilifaya

Na yi shekaru ina aikin kayan wuta a Kafanchan, amma ban taɓa mantawa da wata Asabar ta damina ba, a tsakiyar shekarun saba'in. Lokacin ni ne babban mai gyara a wani shagon rediyo kusa da tashar jirgin ƙasa, ni ake aikawa gidaje in aiki ya fi ƙarfin sauran.

Wanda ya kira ni Malam Yohanna ne, hedimastan wata firamare. Ƙanensa da ke karatu a Amurka ya aiko masa da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga lasifika. Akwai lasifika biyu da rikoda, da kaset guda ɗaya. Mahaifinsu mai bishara ne a Nok, ya daɗe da rasuwa. Ashe wani Baturen mishan ya taɓa ɗaukar waƙarsa, ƙanen ya nemi tsohon Baturen a can ya kwafo ta a kaset ɗin. Don haka aka ɗauko mahaifiyarsu, Mama Saratu, daga ƙauye. Waƙar sujada kawai aka ce mata za ta ji.

Na tarar da falo cike da dattawan ikilisiya, Malam kuwa har ya riƙe filogi ya nufi bango.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dakata mini."

Ya ce, "Malam Bulus, tun safe mutane ke jira. Ba sakawa kawai za a yi ba?"

Na karɓi filogin. Na juya akwatin, na nuna masa wani ɗan makunni a baya. A kan ɗari da goma yake, ƙarfin wutar can, tamu kuwa ta ninka haka. Da ya saka, sai dai hayaƙi, a gaban uwarsa da baƙinsa. Ya koma ya zauna. Na juya makunnin da sukurdireba, na canza fiyus, na yi wa rikodar haka.

Matarsa ta riga ta shirya teburi a gindin taga, har da ƙyallen saƙa na rufawa. Na roƙe ta muka janye shi saboda feshin ruwa, na bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, na ce kada a rufe ramukan saman akwatin, ta nan zafi ke fita. Na murɗe bakin wayoyin lasifika don kada sili ya taɓa sili, ja da ja, baƙi da baƙi. Na mayar da murya ƙasa. Filogi ne na ƙarshe. Sannan na kunna kaset ɗin.

Da fari shuuu kawai ake ji. Sai carar zakara. Sai wani mutum ya yi gyaran murya.

Mama Saratu ta miƙe ba sanda. Ta ce, "Tarinsa ke nan."

Muryar ta cika ɗakin, mai kauri, cikin harshen Jaba, har gilashin kabad na rawa. Dattawa suka cire huluna. Tsohuwar ta taka zuwa lasifika, ta ɗora tafin hannu a kai, ta ji yana motsi. Da ya kai wurin amshi ta karɓa masa, daidai inda ya ja numfashi. Ni da na ɗaura wayoyin da hannuna, na san kowane sili, na kasa duban kowa.

Da waƙar ta ƙare ta juyo gare ni. "Ɗana, kai ka kawo shi?"

Na ce, "A'a Mama, waya kawai na haɗa."

Ta ce, "To, maimaita mini. Ka ƙara masa ƙarfi kaɗan, kunnena ya tsufa ya bar shi."

Sau huɗu na maimaita.

Ku da kuke shiga gidajen mutane yanzu, ku sani mai kaya kullum cikin sauri yake, kuma yana da dalilinsa. Kada ku ji haushinsa, kada kuma ku biye masa. Daga ranar ban sake buɗe kwalin kowa da gaggawa ba, don ban san wa zai yi magana a ciki ba.